Agogo Sarkin Aiki: Tsofaffin Agogunan Bango a Zangunan Salaga, Yendi da Bawku

Duk wanda ya tashi a zangunan arewacin Gana kafin zuwan agogon batir ya san cewa ba kowane gida ne ke da agogon bango ba. A unguwa guda, da yatsun hannu za ka ƙirga su: na masallacin Juma'a, na zauren Sarkin Zango, na wani Alhaji mai motocin haya, sai kuma na tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Bama. Duk da ƙarancinsu, ba a taɓa jin wanda ya rasa sanin lokaci ba, domin agogon mutum ɗaya na unguwa ne gaba ɗaya. Idan ya buga, maƙwabta na ji ta bayan katanga. Idan ba su ji ba, su aiko yaro ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama, ya ce, "Baba, Inna tana gaisuwa, wai ƙarfe nawa?" Ba a kore shi, ba a kuma gajiya da shi.

A Salaga na yi wayo, a gidan fatake da asalinsu Katsina ne. Kawuna yana Yendi, gwaggona kuma aure ya kai ta Bawku, saboda haka hutun makaranta ya sa na san garuruwan uku. Na san agogunansu yadda ake sanin dattawan gari, kowanne da muryarsa da halinsa.

Kakanninmu ba da agogo suka zo ƙasar nan ba. Ayarin da ke tasowa daga Kano ko Katsina ko Sakkwato zuwa Gwanja watanni yake yi a hanya, ya ratso ta Sansannen Mango ya faɗo Yendi, daga nan ya gangara Salaga, inda ake musayar kanwa da tufafi da fatu da goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. A kasuwar nan aka sayar da bayi masu ɗimbin yawa, kuma wannan tabo ne da tarihin garin ba zai rabu da shi ba. Madugu yana ɗaga ayarinsa ne da fitowar gamzaki, ya yada zango kafin rana ta take. Malami kuma ya kafa sanda a ƙasa ya auna inuwa: idan ta karkata gabas azahar ta yi, idan ta ƙaru da tsawon sandar la'asar ta shiga. Asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha, su ne awanninsu, kuma sun ishe su. Da wannan lissafi malamai irin su Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga kafin ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934, suka karantar da ɗalibai suka rubuta littattafai.

Yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da sauran garuruwa. Ba a jima ba Turawa suka shigo. Jamusawa suka ci Dagomba a Adibo a 1896, yarjejeniyar 1899 kuma ta bar Salaga a hannun Ingila, Yendi a hannun Jamus, har Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mayar da ita ƙarƙashin Ingila. Tare da bariki da ofis da kotu da gidan waya da makarantar boko agogon bango ya samu gindin zama. Da farko kayan hukuma ne, da shi ake kiran leburori, da shi ake yanke wa makararre albashi. Sannu a hankali mutanen zango suka ɗauke shi suka sa shi aikin da suka fi damuwa da shi, wato tsare lokacin salla da sahur da buɗa baki.

Akwai wata baiwa da garuruwan nan suke da ita wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba. Layin nan na Greenwich, wanda taron ƙasashe a birnin Washington ya amince a 1884 ya zama mafarin auna lokacin duniya, ya ratsa ƙasar Gana daga arewa har Tema a bakin teku, kuma ta gefen Yendi ya bi. Salaga tana yamma da shi da kamar rabin digiri, abin da bai wuce minti biyu ba a tafiyar rana, Bawku ma ta fi haka kusa. Ma'anar wannan ita ce, idan agogo ya buga sha biyu a Yendi, rana tana daf da tsakiyar sama, bambancin ba ya wuce kimanin kwata a duk tsawon shekara. A Kano kuwa sai wajen sha biyu da rabi rana take tsayawa. Shi ya sa a wurinmu sandar malam da agogon Bature ba su cika saɓani ba, kuma ina ganin wannan ya taimaka wajen saurin da limamai suka yi na amincewa da shi. Mai zuwa Togo ko Burkina Faso daga Bawku ba ya taɓa agogonsa, sai wanda ya nufi Nijar ko Binin ko Najeriya ne yake ƙara awa ɗaya.

Agogunan da na tarar iri huɗu ne. Na farko shi ne kewayayye ɗan Ingila, mai farar fuska da baƙaƙen lambobin Rumawa, an zagaye shi da jan katako. Wannan na ofis ne da makaranta da gidan waya. Ba ya da ado, yawanci ba ya bugawa, ramin makullinsa ɗaya. Nagartattun cikinsu suna da wata 'yar sarƙa da ke naɗe a jikin tagulla mai tsini, aikinta ta daidaita ƙarfin sifirin, don kada agogon ya yi gudu ranar da aka murɗa shi ya yi sanyi a ƙarshen mako. Daga baya sai waɗanda kamfanin Smiths da na Enfield suka ƙera suka yawaita. A makarantarmu irinsa ne a ofishin hedimasta, kuma yaron da aka ba riƙon ƙararrawa ya fi kowa taƙama, domin shi kaɗai ke da iznin leƙa shi.

Na biyu shi ne mai kai mai kusurwa takwas, da ɗan akwati a ƙasa inda ake hango ƙarfen lilo ta gilashi. Asalin wannan zubi daga Amurka ne, daga jihar Connecticut, inda masu ƙira irin su Eli Terry da Seth Thomas da Chauncey Jerome suka gano yadda za a riƙa buga kayan cikin agogo da inji, dubbai iri ɗaya, har farashi ya sauko talaka ya iya saye. Kamfanin Ansonia ya cika kasuwannin duniya da irinsa kafin ya durƙushe a 1929. Irin wannan ne a zauren kakana a Salaga. Bugunsa kakkaura ne, ba daɗi sosai, amma ana jinsa har bakin rijiya.

Na uku shi ne wanda kowa ke kira ɗan Jamus, kuma shi ne sarkinsu. Dogon akwati ne mai ƙofar gilashi, ƙarfen lilonsa yana da faifan tagulla mai sheƙi. Yawancinsu daga yankin Baƙin Daji na kudancin Jamus suke, inda Junghans ya kafu a garin Schramberg a 1861, kuma zuwa 1903 ya zama masana'antar agogo mafi girma a duniya, da ma'aikata fiye da 3,000. Tambarinsa tauraro ne mai tsini takwas. Akwai kuma Kienzle da Mauthe na garin Schwenningen. Tsofaffin cikinsu suna da ginshiƙai sassaƙaƙƙu a gefe da rawani a sama, wani lokaci da ɗan gunkin doki ko gaggafa, wanda malamai kan sa a cire kafin a rataya. Waɗanda aka yi tsakanin yaƙoƙin duniya biyu sun fi sauƙin ado, amma muryarsu ta fi zaƙi, domin 'yan gudumomi ne ke dukan sandunan ƙarfe. Idan ka ga ramin makulli biyu, agogon yana buga awa da rabin awa. Idan uku ne, to yana rera waƙar Westminster duk kwata, irin ta hasumiyar majalisar Ingila. Na kawuna a Yendi mai rami uku ne, kuma baƙon da ya kwana a ɗakin nan daren farko ba ya barci, dare na uku kuwa ba ya ma jinsa.

Na huɗu ya zo daga gabas. Kintaro Hattori ya kafa masana'antar Seikosha a birnin Tokyo a 1892, shekarar da Salaga ta watse, kuma agogon bango shi ne abin da ya fara ƙerawa. Daga baya, wajen shekarun 1970 da 1980, sai 'yan Koriya masu kwana talatin da ɗaya suka shigo, masu araha, waɗanda sau ɗaya ake murɗawa a wata. Irinsu na fi gani a Bawku, garin da kasuwarsa ke ci duk bayan kwana uku, kaya na shigowa ta iyakar Togo da ta Burkina. A rumfar mijin gwaggona, wanda ke harkar albasa, irinsa ne a rataye sama da buhuna, kuma direbobi da 'yan dako da shi suke yanke magana.

Kowane agogo da hanyar da ya biyo. Wani daga kantin Kingsway ko na UTC aka sayo shi a Kumasi ko Ankara, babban birnin ƙasa, da kuɗin goro ko na shanu. A cire ƙarfen lilon a naɗe shi daban, a lulluɓe akwatin da bargo, mai shi ya rungume abinsa a gaban mota har Yeji, a haye kogin Volta a jirgin fito, a kama hanyar Salaga. Wani tsarabar Makka ne. Wani kuma kyautar barin aiki ne da aka ba ɗan sanda ko masinja bayan ya tsufa a bakin aikinsa. Ranar da aka rataya sabon agogo, maƙwabta kan shigo su yi Allah ya sanya alheri, kamar yadda ake yi wa wanda ya sayi doki.

Riƙonsa kuwa amana ce. Yawancinsu na kwana takwas ne, an ƙara kwana ɗaya a kan mako don kada ya tsaya idan an makara. Kakana ranar Juma'a yake murɗa nasa, bayan ya yi wanka ya sa farar riga, kafin ya tafi masallaci. Makullin yana cikin gafakarsa, babu mai taɓawa. Yakan hau turmi a kife, ya yi bisimilla, ya murɗa a hankali har ya ji ya yi tauri, sannan ya tura dogon hannun da yatsa, yana tsayawa a kowace awa har agogon ya gama bugu. Yakan ce mana, "Ku lura, 'ya'yan nan, hannun agogo gaba yake yi, ba a mayar da shi baya." Gaskiya ce ta sana'a, domin mayar da hannun irin waɗannan baya yana iya lalata kayan bugun.

Daidaita shi kuma aikin rediyo ne. Gidan rediyon Gana, wanda ya faro a 1935 a zamanin Gwamna Arnold Hodson, yana da shirye-shiryen Hausa da Dagbanci. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957, mako guda bayan Gana ta samu 'yancin kai. Da an ji alamar cikar awa daga Landan, idon kowa sai ya koma bango. Mu ba ma buƙatar ƙari ko ragi, agogon GMT da ake faɗa shi ne namu. Duk da haka, kalmar ƙarshe ta ladan ce. Idan hadari ya rufe rana a dubi agogo, idan gari ya yi garau a dubi sama, kuma a masallatai da yawa akwai allo mai fuskokin agogo na katako da ake juya hannuwansu da hannu yayin da lokutan salla ke matsawa.

Ƙasarmu ba ta da sauƙi ga agogo. Zafin bazara yana miƙar da sandar lilo sai agogo ya riƙa jinkiri, a nan sai a ɗan murɗa noti na ƙasan faifan sama ya dawo daidai. Hunturu yana busar da katako har ya tsage, ƙura ta shiga ta haɗu da mai ta zama laka mai cin tagulla. Bangon ƙasa ba ya miƙewa sak, agogon lilo kuwa idan ya karkata bugun zuciyarsa sai ya yi ɗingishi ya tsaya, don haka za ka ga an cusa ɗan kwali a bayansa, an ja layi da gawayi a bango don a san mazauninsa. Ga gara, ga zanzaro mai gini a cikin akwati, ga tsaka da kyankyaso.

Saboda haka kowane gari yana da mai gyaran agogo, kuma mutum ne mai daraja. Wanda na sani a Yendi yana zama a gefen kasuwa da ɗan teburinsa mai akwatin gilashi, da madubi a manne a ido ɗaya. Yakan warware kayan ciki ɗaya bayan ɗaya ya jera a faranti, ya wanke da kananzir da gashin kaza, ya shanya, ya ɗiga mai da bakin allura. Idan ramin da ƙafa ke juyawa ya buɗe, ya cike shi da tagulla ya sake hudawa. Idan sifirin ya tsinke daga baki, ya gasa bakin a wuta ya huda sabon rami ya mayar. In ya gama, sai ya rubuta kwanan wata da fensir a cikin ƙofar, da boko ko da ajami, a ƙarƙashin rubutun waɗanda suka gyara kafin shi. Yakan gaya wa kawuna, "Alhaji, wannan in dai ana ba shi haƙƙinsa, jikokinka ma sai sun gaji da shi."

To ina suka tafi? Abubuwa da yawa ne suka taru. Madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka kammala a 1965, ta haifar da tafkin Volta, mashigin Yeji ya yi faɗi, manyan motoci suka koma hanyar Kintampo da Buipe zuwa Tamale, Salaga ta sake zama gefen hanya, gidajen fatake suka yi ta raguwa. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi marasa takardu, mutanen zango da yawa suka sayar da kayan ɗakinsu a wulaƙance suka kama hanya. Agogon lilo ba abin gudu da shi ba ne. Rikicin 1994 ya taɓa yankin Salaga da Yendi, Yendi ta sake shiga tashin hankali a 2002, Bawku kuma ta daɗe tana fama da nata, har agogo ya koma abin da ake duba don sanin lokacin da dokar hana fita za ta fara. Allah ya zaunar da garuruwan nan lafiya. Gobara da gudun hijira sun ci abin da gara ta bari.

Sai kuma agogon batir. Kamfanin Seiko ya fitar da agogon hannu na farko mai aiki da dutsen kwaz a watan Disamba 1969, ɗan ƙanƙanin dutse da ke karkarwa sau 8,192 a daƙiƙa idan wutar batir ta taɓa shi. Cikin 'yan shekaru farashinsa ya faɗi ƙasa. Waɗanda suka dawo daga Najeriya a 1983 sun shigo da su cikin kayansu, alhazai suka kawo masu hoton Ka'aba, daga baya masu kiran salla. Yau ana raba agogon roba a wurin biki da hoton ango da amarya, bankuna da 'yan siyasa ma suna rabawa. Ba na ƙin wannan. Ya fi tsohon daidaito, kuma ya shiga ɗakin bazawara da na almajiri, inda ɗan Jamus bai taɓa shiga ba. Alheri ne.

Abin da ke damuna shi ne na kwaikwayo, wanda ake yi wa kamannin tsufa. Ga rawani, ga lambobin Rumawa, ga fuska da aka rina ta yi ja-ja, wani har da sunan Landan ko Faris da wata tsohuwar shekara a rubuce. Ka ɗaga shi ka ji ba nauyi. Katakonsa garin katako ne da aka matse, tagullarsa roba ce da aka fesa wa fenti, ramukan makullin zane ne kawai, ƙarfen lilon kuma maganaɗisu ke kaɗa shi, ko ka riƙe shi agogon bai san an yi ba. Kama da wane ba wane ba ce. Kwaikwayo a kansa ba laifi ba ne, domin Junghans tsarin masana'antun Amurka ya kwaikwaya, Seikosha ma zubin Amurka ya fara bi. Amma su cikin suka koya, suka ƙera abin da za a iya buɗewa a gyara shekara ɗari. Na yanzu fuskar kawai ya ara, ranar da ya tsaya kuwa sai juji. Wanda ke son gane na gaskiya ya juya bayansa: zai ga farantan tagulla da tambarin maƙeri a buge, ya ga bakin ramin makulli ya goge saboda hannu, ya ji warin tsohon katako da mai, wataƙila ma ya tarar da rubutun fensir na masu gyara.

Har yanzu akwai ragowarsu a zangunanmu, a saman sif, a ƙarƙashin gado, a ɗakin ajiyar masallaci, an sauke su don an samu mai lambobin lantarki. Masu sayen tsofaffin kaya suna yawo gida gida suna karɓa da kuɗin da bai kai na buhun masara ba, magada kuma ba su san abin da suke bayarwa ba. Masu gyaran da suka rage sun tsufa, yaransu sun koma gyaran waya.

Ina kira ga Sarakunan Zango da limamai da kwamitocin masallatai na Salaga da Yendi da Bawku da su sa a nemo waɗannan agoguna a gyara su a mayar bango. Duk gidan da ke da ɗaya, a zauna da dattijon da ya rage a tambaye shi wa ya sayo shi, a ina, a wace shekara, da kuɗin wace sana'a, a rubuta a liƙa a cikin ƙofarsa. Matasa masu gyaran waya kuma, ko mutum ɗaya ne a kowane gari, ya je ya durƙusa gaban tsohon mai gyaran agogo ya karɓi sana'ar tun yana da rai. Wanda ya gaji agogon kakansa kada ya sayar, ya nemo makullinsa ya murɗa shi ranar Juma'a mai zuwa.